Rassa Bakwai Daga Kusada

Wannan babin na so in tsallake shi. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, ina ce wa kaina ai tarihin mutum ba kotu ba ne, ba dole komai ya shiga ba. Amma ran sallar da ta wuce, muna cin tuwo a tsakar gida, na ji ɗayanku yana yi wa baƙo kwatancen wani gida a Tafashiya, ya ce in ya wuce masallaci ya tambayi gidan Dafa-Inabi. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, shi a saninsa sunan gidan ke nan. Ni kuwa na tsame hannu daga tuwon. To, bari ku ji inda sunan ya samo asali, tunda ubanku ne ya jawo shi.

A lokacin ina malamin gona a ƙaramar hukuma nan Kankia, ga babur, ga jakar fata, ga ƙuruciya. Aka tura ni kwas Zariya a kan noman inabi, na dawo kaina ya kumbura, ba mai iya gaya mini magana. Abin da ya fi zauna mini cikin duk abin da aka koya mana shi ne wata cuta da ke bin inabi. Ƙwayarta a cikin ruwan jikin itacen take zaune, ido ba ya ganinta. Sai ka yanko reshe lafiyayye sumul ka dasa, ashe da ita ka taho. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ƙari ya fito a gindin itacen, ya yi ta girma har ya shaƙe shi. Almakashin da ka yanki mai cutar da shi yana iya kai wa na kusa, kuma in ta zauna a fili, an yi sallama da inabi a wurin sai bayan shekaru. Dabarar da aka ba mu ita ce tun kafin a dasa, a tsoma rassan cikin ruwan zafi mai digiri hamsin, a bar su minti talatin, a tsamo a jefa cikin ruwan sanyi. In zafin ya gaza, cutar na nan. In ya zarce, ka kashe idon reshen, ba zai toho ba.

Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, a ce yau ga malamin gona mai dafa iri. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Garba mai shayi. Teburinsa na bakin tasha, daidai inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa, wuri mai kyau da kowa ke sha'awa. Ɗan Tafashiya ne, ya girme ni da kaɗan, ya gaji garka da rijiya wadda ba ta ƙafewa ko da bazara. Kullum na zauna shan shayi sai ya ja ni da tambaya, har ran nan ya ajiye ludayi ya ce:

"Malam, in dai riƙon zafin ruwa ne, ai sana'ata ce. Kai ka kawo ilimin, ni in riƙe wuta."

Shi ya bi gida gida ya shawo kan mutum huɗu daga garinsu. Ya bar wa wani teburinsa, ya koma garka gaba ɗaya. Mutanen nan ba don ni suka shiga ba, ni baƙo ne mai babur. Don Garba suka shiga, domin a lokacin in ya ce abu fari ne ba mai zuwa dubawa.

Bayan kaka na je na ɗauko rassan daga Zariya, ɗaure cikin jiƙaƙƙen buhu. Muka kafa rabin duro a kan murhu a bakin rijiyar Garba, rabin gari ya zo kallo. Ni ke riƙe da ma'aunin zafi da agogo, shi ke wajen wuta. Wallahi ban taɓa ganin irin hannun mutumin nan ba. Sai ya tsoma yatsa ya ce ya ɗan hau, kafin in duba ma'auni ya zare itace ɗaya, in na duba sai in ga gaskiyarsa. In ya sauka ya ƙara kofi ɗaya daga tukunyar da ke tafasa a gefe, ya juya da muciya. Ɗauri bayan ɗauri, tun hantsi har azahar, ruwan nan bai kauce daga hamsin ba. Ku riƙe wannan da kyau, don ni ne shaida, ma'aunin a hannuna yake. Muka dasa su duka a gado ɗaya kusa da rijiya, da niyyar in sun kama a raba wa mutum biyar.

Kwana uku da yin haka sai ga kakanku na Kusada, mahaifin innarku. Har yau da furfurata bakina bai iya kama sunansa ba, kun dai san shi. Ya ji labari surukinsa na dasa inabi, ya hau mota ya taho da kansa. Kun tuna rumfar inabin da ke tsakar gidansa? Daga Makka ya taho da reshen, kakarku marigayiya ita ta yi ta ba shi ruwa har ya rufe rumfar. Bayan rasuwarta ba ya barin kowa ya taɓa itacen. Ran nan ya sa wuƙa da hannunsa ya yanko rassa bakwai, ya naɗe a tsohon rawaninsa, ya kawo mini. Kyautar da ta fi wannan ba shi da ita a duniya.

Ni kuwa da na ga rassan nan sai na tuna gindin da aka yanko su daga jikinsa. A gindin inabin nan yake shimfiɗa buzunsa, a nan nake durƙusawa in gaishe shi. Suruki ba ya ɗaga ido ya dubi surukinsa, saboda haka shekara da shekaru idona a ƙasa yake, a kan kututturen itacen. Babu wanda ya fi ni sanin gindin inabin nan a duk Kusada. Akwai wasu ƙulle-ƙulle a jikinsa, baƙaƙe, masu kaushi. Da ban san ko mene ne ba. Tun da na dawo daga Zariya na sani sarai.

Garba bai san da ƙarin ba, amma ya san ƙa'idar da na koya masa, cewa ba reshen da zai shiga gadon nan sai ya bi ta ruwa. Ya matso a hankali ya ce:

"Malam, in hura wuta?"

Kakanku ya juyo ya ce, "Wutar mi kuma?"

Kafin Garba ya buɗe baki na riga shi. Na ce, "Shayi zai dafa maka, Baba."

Garba ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya je ya dafa shayin. Kakanku ya tattare riga, ya yi bisimilla, ya soke rassan nan bakwai da hannunsa a tsakiyar gadon, ya ɗaura wa kowanne jan zare don a gane su. Ina tsaye, hannuwana a baya, ina cewa an gode, Allah ya ƙara girma.

Da muka sa shi a mota Garba ya tare ni a bakin garka.

"Malam, mu tumɓuke su yanzun nan mu tsoma, mu mayar. Wa zai sani?"

Na ce masa a Tafashiya ko tari ka yi sai an ji a Kusada. Gobe za a ce surukin Alhaji ya dafa kyautar Alhaji, ya ce itacen marigayiya mai cuta ne. Da wane ido zan shiga gidan? Na ce rassa bakwai ne kawai, a bar su, ni ne malamin gona, in wani abu ya taso ni zan ɗauka. Haka na ce masa, da bakin nan nawa. Ya ce to, tunda kai ka ce.

Reshen da ya sha ruwan zafi yakan yi jinkirin toho, an gaya mana haka tun a Zariya. Saboda haka masu jan zare suka riga kowa fitowa, kore shar, sauran kuwa suna tsaye kamar tsinke. Gari ya ɗauka, ga na Makka sun fito, dafaffu sun ƙi. Daga baya dafaffun ma suka fito, kusan duka, suka kamo su har suka wuce, amma maganar farko ita ta zauna a kunnen mutane. Da aka zo rabo kowa ya ce sai an sa masa mai jan zare ko ɗaya ne, don albarka. Ina gani aka raba su garka biyar. Almakashin yankan rassa kuwa guda ɗaya ne, nawa, shi ke zagayawa hannu hannu. Na ce a riƙa goge shi da sifirit, amma ban tsaya a kai ba, don in na matsa sai an tambaye ni dalili, tunda ai ni na ce ruwan zafi ya riga ya yi maganin cutar.

Shekarar farko lafiya lau, har na fara cewa ƙila Allah ya rufa mini asiri. A ta biyu, ana cikin damina, Garba ya zo ofis ya same ni, bai ko zauna ba ya ce in zo in gani. Ƙari ne a gindin mai jan zare, ya kai girman goro. Na bi layin, na ga ya fara a na kusa da shi. Kafin a kai ga nunan fari na kirki, garka biyar ɗin nan duk ta shiga, ganye ya yi rawaya, itatuwan da aka kafa wa rumfa aka yi ta ɗibar musu ruwa suka fara bushewa daga sama. Wake ɗaya ke ɓata gari, mu bakwai muka zuba.

Mutanenmu ba sa rasa bayani. Wani ya ce ai ba wani abu ba ne, bororo ne. In ruwan zafi ya zuba wa mutum ba bororo yake yi ba? To itacen ma ƙuna ce ta kwanta masa a ciki, sai yanzu ta fito, har ta shafi na Makka. Magana ta yi daɗin faɗa, kafin kwana biyu ta gama gari. Mai gari ya kira zama a zaurensa bayan la'asar, ya aika aka ɗauko kakanku saboda girmamawa, tunda har da rassansa a ciki. Aka shimfiɗa masa buzu a gaba. Dattijon nan ransa a ɓace, yana cewa da ya sani da bai kawo itacen marigayiya cikin wannan wahala ba.

Mai gari ya dube ni ya ce, "Malamin gona, kai ne mai ilimin abin ga. Ruwan zafin nan na iya kawo haka ko ba ya iyawa?"

Amsar tana bakina, gajeriya ce, ba ya iyawa, cutar daga Kusada ta zo, kuma ni na bari ta shiga. Na saci kallon kakanku, na ga farin gemunsa. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ranka ya daɗe, in an riƙe zafin daidai ba ya kawowa. In ya zarce kuwa, Allah ne masani. Ni dai ba ni na riƙe wuta ba."

Ban yi ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin nan ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai su muni ba. Kowa ya juya wajen Garba. Shi kuwa ni yake kallo, ba da fushi ba, kallon mai jiran a ƙarasa magana. Ya ba ni lokaci, wallahi ya ba ni. Da ya ga na duƙar da kai ina wasa da makullin babur, sai ya ce:

"Haka ne. Ni na riƙe wuta."

A ƙofar zauren nan, ana neman takalma, wani ya ce a ba Dafa-Inabi hanya, aka yi dariya. Ni kuma na koma ofis na rubuta rahoto cewa aikin ya lalace saboda rashin kula da zafin ruwa, na sa hannu, na buga hatimi. Shekara na zagayowa aka ƙara mini girma.

Aka tumɓuke inabin aka ƙone. Garba ya koma tasha ya tarar wanda ya bar wa teburi ya zauna daram, sai can bayan masu faci ya samu wuri, inda mota ba ta tsayawa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya rasa na gaske shi ne maganarsa. Mutumin da a da in ya ce fari ba a dubawa, ya zama in ya ba da shawara a taro, ko ta gyaran rijiya ce, sai wani ya ce a dafa ko a soya, a bushe da dariya. Tun yana zuwa taro yana yin shiru har ya daina zuwa. Ni kuwa na canja wurin shan shayi, in zan wuce tasha sai in ƙara wa babur mai.

Innarku ce mutum na farko da na gaya wa, wata rana tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, Baba fa ba yaro ba ne. Ka taɓa gwada gaya mishi ya ƙi ji?"

Na ce ba za ta gane ba, sha'anin maza ne. Ta ce lallai kam, ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma tun daga ranar ko an kawo inabi tsaraba gidan nan ba ta sa shi a baki.

Shekaru suka wuce. Inabin Kusada ma ƙarin ya ci ƙarfinsa, rumfar ta zama rabi a bushe. Kakanku ya tsufa ƙwarai, ba ya fita. Na je gaishe shi da hantsi, na durƙusa inda na saba, sai na ga yana shafa kututturen da sandarsa.

"Malam, ƙullin ga, na daɗe ina dubansa. Ba irin na Tafashiya ba ne?"

Na ce irinsa ne, Baba. Ya ce wanne ya riga wanne? Na ce wannan ne. Daga nan sai komai ya zubo, har maganar shayin. Ya ajiye sandar. Can ya ce:

"Ashe haka ka ɗauke ni? Mutumin da itace ya fi masa ɗan Adam? Da ka ce a tsoma, da ni zan riƙe maka muciya. Wannan ba kunyata ka ji ba, Malam, kanka ka ji wa. Tashi ka tafi ka wanke bawan Allah."

Shekara da shekaru ina fakewa da cewa don darajar dattijon nan na yi, ran nan ya ƙwace mafakar. Na fito gidan ina jin kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ba a yi wata biyu ba ya rasu.

Na je wurin Garba. Na same shi bayan masu faci, ya yi furfura, yana firfita gawayi. Ya ba ni benci, ya haɗa mini shayi yadda nake so, bai manta ba. Na fara magana ina in'ina, na ce cutar daga rassan Alhaji ta fito, ba daga ruwansa ba. Ya yi murmushi.

"Ni kake gaya wa, Malam? Ni da na ce in hura wuta? Ai tun da na ga a gindin mai jan zare ta fara na gane."

Na ce to me ya hana shi faɗa a zaure?

"Kai ka ce in wani abu ya taso kai za ka ɗauka. Sai na jira ka. Ni na yafe tuntuni, amma yafewata ba ta goge suna. A zaure ka ɗaura, a zaure za ka kwance."

Na ce ran Juma'a mai zuwa ina nan tafe Tafashiya, bayan an sauko masallaci zan faɗa gaban kowa. Ya ce Allah ya kai mu. Juma'ar ta zo, aka yi mana baƙi. Ta gaba na ce bari a gama girbi mutane su natsu. Bayan girbi na ce bari in yi ritaya tukuna, kada maganar rahoton ta taso. Kada ku nema mini uzuri, ni ma na nema ban samu ba. Tsoro ne kawai, tsoron a dube ni yadda aka dubi Garba. Ina cikin wannan jan ƙafa, wata safiya wani direba ya tsaya a ƙofar gidan nan ya ce mini, Malam, ka ji Dafa-Inabi ya rasu?

Ran sadakar uku na je. Ana zaune a ƙofar gidansa, bayan an shafa addu'a, na miƙe na faɗi komai tun daga rawanin da aka naɗo rassan har rahoton da na sa wa hannu. Na ce ruwan Garba bai kauce daga hamsin ba, ni ne shaida. Da na gama na duba in ga idon da zai tsine mini, don shi na zo nema. Mai garin da ya yi zaman ya daɗe da rasuwa. Cikin mutum huɗun nan saura ɗaya, shi ma kunnensa ya tafi, yana ta tambayar na kusa da shi mi malamin ke cewa. Wani matashi ya ce, ikon Allah, ashe an taɓa shuka inabi a garin nan? Shi ya zaci wani irin shayi ne marigayin ke dafawa.

Babban ɗan Garba ya taso ya kama hannuna ya zaunar da ni, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba. Na so a ce zagina ya yi. Ina sa takalmi zan tafi sai ga wasu baƙi masu ta'aziyya sun sauko daga mota, ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, salamu alaikum, nan ne gidan Dafa-Inabi? Ɗan nan nasa, da ya gama jin komai yanzun nan, ya ce nan ne, ku ƙaraso.

Abin da na kasa kwancewa ke nan, kuma na san ba zai kwantu ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne bakinku, ku 'ya'yana da 'ya'yanku. Sunan mutumin nan Malam Garba, gidansa gidan Malam Garba ne, haka za ku faɗa wa duk mai neman kwatance. In kuwa dole sai an kira wani gida da wancan sunan, to ku kwatanta masa wannan da kuka tashi a ciki.